GAZ YA SHIGO ƘAUYE: WUTAR DA BA A GANI SAI TA TASHI



Bara na tambayi matan ajinmu na yaƙi da jahilci, wa ke da butalin gaz a gida? Hannu uku suka tashi. Bana na sake tambaya, sai na ƙirga hannu tara. Wata ɗanta ne ya aiko mata daga Damagaram. Wata a cikin kayan aure ta samu. Wata kuwa akuyarta ta sayar ta saya, domin ta gaji da yawon itace.

Ban ga laifinsu ba. Kowa ya san yadda itace ya yi nisa. Inda iyayenmu ke saro sabara da geza bayan gari, yau rairayi ne. Mace takan fita da hantsi ba ta dawo ba sai azahar, da ɗan dami wanda ba ya kwana uku. Tun 1975 ake dashen itatuwa a ƙasarmu kowace ranar 3 ga Agusta, kuma a 1984 an yi babban taro a Maraɗi a kan yaƙi da hamada. Amma tukunya ba ta jiran itace ya girma. Da can gaz kayan ma'aikatan birni ne, daga waje ake kawo shi. A watan Nuwamba na 2011 aka buɗe matatar mai ta SORAZ, arewa da Damagaram a kan hanyar Tanut, wadda ke tace man da ake haƙowa a Agadem. Daga nan gaz na ƙasarmu ya samu, ya bi motocin kasuwa har ya iso ƙauye.

Abin alheri ne. Babu hayaƙi a ido, babu tari, tukunya ba ta baƙi, daji kuma yana hutawa. Sai dai gaz ya shigo gidajenmu ba tare da wanda zai koya mana halinsa ba. Muna riƙe shi kamar yadda muka saba riƙe murhun duwatsu uku, alhali halinsu ba ɗaya ba ne. Sabo turken wawa, in ji masu magana.

ABIN DA YA SAMU WATA ƊALIBATA

Da ɗarin bara ne. Sanyi ya sa ta shigar da resho cikin ɗaki, ta turo ƙofa, ta ɗora ruwan kunu. Maƙwabciya ta yi sallama, ta fita. Suna tsaye suna magana, ruwa ya tafasa ya zubo, ya kashe wutar. Da murhun itace ne, shi ke nan, wuta ta mutu ta mutu. Amma gaz bai san wuta ta mutu ba. Ya ci gaba da fita shiru.

Da ta dawo ta ji ɗan wari, ba ta kula ba. Ta durƙusa ta ƙyasta ashana. Wuta ta bi ƙasan ɗakin gaba ɗaya, ta kama zanenta. Allah ya sa surukarta tana kusa, ta rufa mata bargo ta kayar da ita ƙasa. Ta rayu, amma ta yi wata biyu ba ta taka ƙafa ba, kuma an sayar da tunkiya biyu wajen magani.

Da na je gaishe ta, ta ce mini: "Malam, wallahi ban ga wuta ba, ban ga hayaƙi ba. Ɗakin lafiya lau yake." Wannan magana tata ita ta sa na zauna na rubuta wannan bayani.

MENE NE A CIKIN BUTALI?

Ka girgiza butali a hankali, za ka ji abu yana motsi kamar ruwa. Ruwa ne kuwa. An matse gaz da ƙarfi har ya zama ruwa. In aka buɗe makulli sai ya koma iska ya fito. Lita 1 ta wannan ruwa tana ba da iska fiye da lita 200. Ke nan ƙaramin butali mai kilo 6 yana ɗauke da abin da zai cika ɗaki da haɗari sau da yawa. Kuma ba sai ya cika ɗakin ba. In gaz ya kai kashi 2 cikin 100 na iskar ɗaki, tartsatsi ɗaya ya isa.

Ga abin da ya kamata kowa ya riƙe. Hayaƙi sama yake tashi, ya fita ta taga ko ta cikin jinka. Gaz kuwa ya fi iska nauyi, kusan ninki biyu. Ƙasa yake bi kamar ruwan da aka zubar. Yana kwanciya ƙarƙashin gado, bayan randa, cikin rami. Ɗakunanmu na ƙasa da yawa daɓensu ya fi tsakar gida zurfi, sai ka sauka in za ka shiga. Irin wannan ɗaki kamar ƙwarya yake ga gaz, in ya zuba ba ya fita da kansa. Babba da ke tsaye ba ya jin warin da wuri. Yaro mai rarrafe kuwa a cikinsa yake.

Shi gaz asalinsa ba shi da wari. Da gangan ake zuba masa wani magani mai ɗoyi, kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, domin hanci ya gane in yana zuba. Saboda haka warin nan ba abin sabawa ba ne. Resho mai lafiya ba ya wari.

IN KIN JI WARI

Kada ki ƙyasta ashana ki ce za ki duba. Kada mai gida ya shigo da taba a baki. Kada a kunna tocila ko fitilar sola a cikin ɗakin, kada kuma a kashe wadda ke kunne, domin makunnin lantarki yana fitar da ɗan tartsatsin da ido ba ya gani. Waya ma a fita da ita waje kafin a taɓa ta. Kaskon turaren wuta, garwashin shayi, fitilar ƙwai, duk a nisanta su.

Ki rufe makullin butali tukuna. Ki fitar da yara. Ki buɗe ƙofa da taga, ki ɗaga labule. Sa'an nan ki ɗauki faifai ko tabarma ki riƙa koro iskar ƙasa zuwa ƙofa, kamar mai korar kaji. Kada a kunna kome sai wari ya ƙare ƙaf, har in mutum ya sunkuya kusa da ƙasa bai ji shi ba. In an rufe makulli amma butali bai daina huci ba, a fitar da shi fili a tsaye, nesa da wuta, nesa da rijiya da masai, a hana mutane matsowa. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce. Amma mu mutanen ƙauye mun sani, kafin motarsu ta iso daga birni, abin da zai faru ya faru. Mu ne ƴan kwana-kwanan kanmu.

KARATU YANA DA RANA

A nan ne nake jin daɗi, ni da nake koyar da baƙi da lissafi. Butali da tiyo suna ɗauke da rubutu, kuma wanda ya shiga yaƙi da jahilci zai iya karanta shi.

A jikin ƙarfen butali an buga nauyinsa in babu kome ciki. Ka karanta lambar, ka ƙara kilo 6 in mai kilo 6 ne, ka ɗora a sikelin da ake awon wake ko gyaɗa. In ya kasa, an rage maka. In ya zarce, kada ka yi murna ka ce ka samu gyara. A masana'anta ba a cika butali har baki. Ana barin fili a sama, domin ruwan gaz yana kumbura in ya ji zafi. Masu juye gaz daga babban butali zuwa ƙarami a bayan shago ba su kula da wannan. Butalin da aka cika maƙil, aka bar shi a ranar bazara ta Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ba abin ajiyewa kusa da iyali ba ne. Ka sayi wanda bakinsa ke rufe da hatimin kamfani. Ka duba gindinsa. In tsatsa ta ci shi, ko ya lotsa, ka ce a canja maka. Kuɗinka ka biya, ba roƙo ka zo ba.

Resho iri biyu muke gani. Akwai wanda ake murɗa kansa a bisa butali kai tsaye, shi ya fi yawa a ƙauye. Akwai kuma na tebur mai kai biyu ko huɗu, wani har da tanderun gasa burodi a ƙasa. Wannan da tiyo ake haɗa shi, kuma a bakin butali akwai wani ƙarfe mai rage ƙarfin gaz, da ake kira detandar. Duka biyun suna da ɗan zoben roba a mahaɗa. Zoben nan bai kai ƙwandala girma ba, amma in ya bushe ko ya tsage, ta nan gaz ke zuba. A duba shi duk lokacin da aka canja butali, kuma a yi canjin a fili, ba kusa da wuta ba.

Tiyon gaz na gaskiya yana da shekara a rubuce a jikinsa, shekarar da ya kamata a daina aiki da shi. In ta wuce a sake wani, ko da ido bai ga kome ba. Rana da zafi suna busar da roba, ɓera kuma yana son gurgurarta. Tiyon ban ruwa na lambu ba na gaz ba ne. Na masu sayar da fetur a kwalba ma ba shi ba ne. A ɗaure bakin tiyo da zoben ƙarfe mai kusa, ba da tsinken robar tayar keke ba.

Yaya ake gane wurin da ke zuba? Da ruwan sabulu. A kaɗa shi ya yi kumfa, a shafa a mahaɗa da jikin tiyo, a buɗe makulli. In kumfa tana tasowa tana girma, wurin yana zuba. Na taɓa ganin wani dattijo yana bin tiyo da ashana a kunne, wai yana gwaji. Na ce masa: "Baba, don Allah kashe, bari in kawo sabulu." Ya ce haka yake yi kullum kuma bai taɓa ƙonewa ba. Na ce: "Baba, sau ɗaya ake ƙonewa."

Wajen ɗauko butali daga kasuwa, a tsaye za a ɗaure shi, a amalanke ne ko a moto, a rufa masa buhu saboda rana. Ba a kwantar da shi, ba a gangara shi da ƙafa, ba a jefo shi daga saman mota. In gaz ya kusa ƙarewa, wasu sukan kwantar da butali ko su kai shi kusa da wuta wai don ragowar ta fito. Kwantacce, ruwan gaz ne zai taho maimakon iska, wuta ta yi tsalle sama da kan mutum. Makiyayin da ke tashi da shi daga mashekari zuwa mashekari, ya kwance kan resho kafin a ɗaura kaya, kuma in an sauka a share busasshiyar ciyawa kewaye da wurin dahuwa. Wutar daji ɗaya tana cinye abincin dabbobi na rani guda.

WAJEN DAHUWA

A murhun gargajiya, itace ake fara jerawa, sa'an nan a kawo wuta. A gaz, wuta ce farko. Ki ƙyasta ashana, ki kai ta bakin resho, sa'an nan ki buɗe gaz kaɗan. Wadda ta buɗe gaz ta tafi neman ashana, ita ce wuta ke lasar girarta. In ashana ta mutu bai kama ba, rufe, jira ɗan lokaci, sake. Mai tanderu ta buɗe ƙofarsa tukuna, kada ta sa fuska a ciki, domin akwati ne, gaz yana taruwa a cikinsa da sauri.

Ki dubi launin wutar. Shuɗiya ita ce mai lafiya. In ta yi ja ko rawaya tana baƙanta tukunya, ƙofofin kan resho sun toshe da miya ko ƙura. A bari ya huce, a cire, a wanke, a bi ƙofofin da siririyar waya. Ba a hura wutar gaz da baki, ba a fifita ta. Iskar hunturu tana kashe ta ba a sani ba, don haka a yi mata kariya da kwano ko ɗan ginin laka. Ba da zana ba.

Kada a ɗora tukunya a tafi rijiya. Kada a ɗora a tafi barka. In fita ta kama, a kashe, ai kunnawa ba wuya. In an gama, mai tiyo ta fara rufe makullin butali, ta bar wutar ta cinye abin da ya rage cikin tiyo ta mutu da kanta, sa'an nan ta rufe makunnin resho. Da dare kafin a kwanta, a sake taɓa makullin a tabbata.

Kada kuma a kunna resho a rufaffen ɗaki don jin ɗumi. Kowace wuta, ta gaz ko ta gawayi, in ba ta samun isasshiyar iska tana fitar da wata guba marar wari marar launi. Ciwon kai take farawa da shi, sai jiri, sai barci. Wasu daga barcin nan ba su tashi.

Yanzu maganar tuwo. Ƙaramin butali mai resho a ka dogo ne, gindinsa kuma ƙarami. Tukunya tana can sama, ke kina tuƙi da muciya da ƙarfinki. Kaɗan ya karkace, talge ya zubo a ƙafa, ko a kan yaron da ke zaune kusa. Talge kuwa ya fi ruwan zafi mugunta, domin yana manne wa fata. Maƙera suna ƙera ƙafar ƙarfe mai faɗi wadda ake sa butali a cikinta, nauyin tukunya ya sauka a kanta. A saya, a ajiye a daɓe mai daidai. Kuma tukunyar da ta yi faɗi da yawa tana mayar da zafi ƙasa, a kan makulli da zoben roba. Ni a ganina, tuwon suna da na biki a bar wa murhun itace. Gaz na shayi ne da kunu da miya da tuwon gida.

Uwa mai goyo ta kula in za ta sunkuya, ƙafar jariri da hannunsa suna leƙowa. Tukunya mai mariƙi a juya mariƙin ciki, inda yaro ba zai jawo ba. Mayafi da hijabi a ɗaure su ko a cire kafin a tsaya gaban wuta. Yadin zamani mai santsi, irin na roba, ba ci kawai yake yi ba, narkewa yake ya like a jiki. Na auduga ya fi. Ashana kuma a rataye ta sama. Yara suna ganin yadda ake murɗa makunni, kuma hannunsu ya iya.

IN WUTA TA TASHI

Gidajenmu kara ne da zana da shibci, ga rumbu, ga harawa a kan rumfa. A watan Nuwamba na 2021, gobara ta cinye azuzuwan zana na wata makaranta a Maraɗi, yara fiye da 20 suka rasu. Ba gaz ne ya jawo ta ba, amma ta nuna mana yadda zana ke ci, kafin a ce me, an gama. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Wurin resho ya yi nisa da danga da rumbu. Kusa da shi a ajiye bokitin rairayi, da marufin tukunya, da bargo mai kauri na auduga.

Masu tuyar ƙosai da awara da fanke, ku saurara. In mai ya kama wuta a kasko, kada a zuba ruwa. Ruwa yana nutsewa ƙarƙashin mai, ya zama tururi nan take, ya watsa mai da wuta a fuska da rufin ɗaki. A rufe gaz, a kifa marufi a kan kaskon, a bar shi har ya huce. Kada a ɗauki kaskon a ce za a fita da shi waje. In wuta ta kama a tiyo ko a bakin butali, a naɗe hannu da jiƙaƙƙen tsumma a rufe makulli. Da gaz ya yanke, wutar ta mutu. Amma in butali yana tsakiyar gobara, wuta ta kewaye shi, ba sauran jarumtaka. Kowa ya yi nesa, a kori ƴan kallo, domin zai iya fashewa.

Wanda tufafinsa suka kama, kada ya gudu. Gudu fifita ne. Ya faɗi ƙasa ya yi birgima, na kusa su rufa masa bargo ko su zuba masa ruwa.

MAGANIN FARKO RUWA NE

A nan muke yawan yin ɓarna da hannunmu. Na ga an shafa wa ƙuna ɗanyen ƙwai. Na ga man goge haƙori, da tawada, da toka, da gishiri, da man shanu, har da kashin saniya. Duk masu yi da kyakkyawar niyya suke yi. Amma mai yana riƙe zafi a cikin nama, sauran kuwa ƙazanta suke kaiwa cikin ciwo, kuma sai ma'aikacin lafiya ya kankare su kafin ya yi magani. Mai ciwo ya sha wuya sau biyu.

Abin da ake so shi ne ruwa mai tsabta mai ɗan sanyi, na randa ko na famfo. A yi ta zubawa da buta a kan wurin har minti 20. Minti 20 yana da tsawo, a duba agogon waya, kada a gaji. Ba a sa ƙanƙara. Ana cikin zubawa a cire zobe da awarwaro da agogo tun wurin bai kumbura ba. Tufar da ta manne a fata kada a ja ta, a yanke kewayenta da almakashi. In bororo ya taso kada a fasa. Bayan haka a rufe da wankakken ƙyalle marar gashi, kada a sa auduga. In ƙaramin yaro ne, wurin ƙunar kaɗai za a jiƙa, sauran jiki a lulluɓe, domin sanyi yana saurin kama yaro.

Ka dubi tafin hannun wanda ya ƙone. In ƙunar ta fi shi faɗi, sai gidan likita. Haka in a fuska ce, ko hannu, ko ƙafa, ko gaɓa, ko al'aura. Haka in jariri ne ko tsoho ko mai ciki. In fata ta yi fari ko baƙi kuma mutum ya ce ba ya jin zafi, kada a ce da sauƙi. Ƙunar ce ta yi zurfi har ta kashe jijiyoyin ji. Wanda wuta ta bugi fuskarsa, gashin hancinsa ya babbake ko muryarsa ta dishe, a gaggauta da shi ko da yana tafiya da ƙafarsa, domin maƙogwaro yana iya kumbura daga baya. A hanya, in yana cikin hankalinsa kuma ba ya amai, a riƙa ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, ko ruwan gishiri da sukari irin na zawo. A can a tuna wa ma'aikaci maganar allurar sandarewar jiki, a kuma koma wankin ciwo duk ranar da aka ce.

Makon jiya na ce wa matan ajinmu masu resho su zo da kayansu. Muka shimfiɗa tabarma a inuwar bedi, muka kawo kwanon ruwan sabulu, kowace ta karanta lambobin da ke jikin nata da bakinta. Cikin tiyo huɗu da aka kawo, biyu shekararsu ta wuce, ɗaya kuwa na lambu ne. Zoben roba uku muka samu a tsage. Muka haɗa kuɗi, muka ba wanda ke zuwa kasuwar Damagaram ranar Alhamis ya sayo mana sababbi.